Kwamfutar Hanifa Mai Lamba Bakwai

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na durƙusa a gaban iyayen yara ina yi wa kwamfuta fifita da gefen mayafina. Har yau in adaidaita ta biyo da ni ta layin makarantar, ɗaya gefen nake kallo.

Mu a Gama muke zaune. 'Yata Hanifa, mai shekara takwas, tana makaranta a Nassarawa GRA, don Abbanta ya rantse ko zai daina cin nama sai ta yi karatun da ni ban yi ba (a aji biyu na ƙaramar sakandare na tsaya, kuma ban ji an yi cigiyata ba). Rannan makaranta ta aiko da takarda, wai kowane yaro ya zo da laftof, za a koya musu haɗa katun, wato zane mai motsi. Abban Hanifa yana hanyar Legas da mota. Ya turo kuɗi ya ce, "Ki je ki zaɓo mai kyau, na san ki da ido."

Ido kam ina da shi. Daga bakin layi nake gane kifin da ya kwana. Sai dai kwamfuta ban taɓa saye ba, don haka na yi kwana uku ina tambaye-tambaye. Abin da na tsinto shi ne, a cikinta akwai wani abu wai shi furosesa, shi ne ƙwaƙwalwarta, kuma ana manna lambarsa a 'yar sitika kusa da madannai. Akwai uku, akwai biyar, akwai bakwai. Iya karatuna ya kai in san wanne ne babba.

A shago, mai kayan ya ajiye min guda biyu, kuɗinsu kusan ɗaya. Wata siririya mai lamba uku, wata jibgegiya mai lamba bakwai.

"Hajiya, gaskiya mai ukun nan sabon zubi ce, ta fi gudu. Mai bakwan ta ɗan daɗe a duniya."

Na yi murmushin wadda ta san halin 'yan kasuwa. Na ɗaga kowacce na ji nauyinta, yadda Innata ta koya min sayen tukunya da dutsen guga: in abu ba nauyi, jabu ne. Mai ukun kamar faranti. Mai bakwan sai da na sa hannu biyu. Na lura haruffan madannanta sun goge. Na lura kuma ina taya ta ya sallama, har da ƙarin jaka. Duk na lura, na tattara na ce yau na yi sa'ar kasuwa.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Sai a ƙofar makaranta na haɗu da Hajiya Bilki, wadda 'yarta Nabila ke aji ɗaya da Hanifa, ta fito daga mota riƙe da irin siririyar nan. Na leƙa sitika, tausayi ya kama ni.

"Haba Hajiya, mai uku kika saya wa yarinya? Ai da kin neme ni."

Ta ce, "Babanta ne ya kawo."

Na ce, "Maza ai ba sa duba kaya."

A gida Hanifa ta sha ce min, "Mama, ba ta buɗewa da wuri." Nakan ce ta yi haƙuri, babbar ƙwaƙwalwa ce, sai ta yi nazari.

Ranar nuna wa iyaye aiki, kowane yaro minti biyar aka ba shi, a jona kwamfutarsa da babban allo. Hanifa ta yi sati uku tana haɗa wata akuya da ke tsallaka titi, ta haddace jawabinta a gaban madubi har ni ma na iya. Malamarsu, Malama Rahila, ta kira sunanta. Ta hau, ta gaida jama'a, ta danna.

Wani ɗan zobe ya fito a allo yana juyawa. Sai fankar ciki ta tashi, ƙara kamar injin markaɗe. Wani Alhaji a baya ya leƙa taga ya ga ko janareta aka tayar. Minti biyu suka wuce, zobe yana nan. Hanifa ta juyo tana nemana da ido.

Ban san lokacin da na isa gaba ba. Na ɗora bayan hannuna a jikin kwamfutar yadda nake taɓa goshin yaro, na ji zafi rau. Ni kuwa abu ɗaya na sani game da zafin jiki. Na durƙusa na kama fifita, ina cewa da ƙarfi, "Malama, a ɗan ƙara mata lokaci, mai bakwai ce."

Malama Rahila ta sunkuya ta duba, ta rage murya don ta rufa min asiri (ta manta abin magana yana maƙale a wuyan rigarta). Ɗakin gaba ɗaya ya ji: "Maman Hanifa, bakwan gaskiya ne, amma kwamfutar nan ta girmi Hanifa. Bakwan wancan zamanin ba ya kamo ukun yanzu."

Ba wanda ya yi dariya, kuma hakan ya fi ciwo. Fankar kaɗai ke magana.

Saura minti ɗaya, sai ga Hajiya Bilki ta taso da kanta, riƙe da siririyar da yatsu uku. Ashe Malama tana da aikin kowa a filas, ɗan abin adana bayanai, sai ta soka shi a jikin siririyar. Kafin in gyara mayafina, akuya ta fito, ta duba hagu, ta duba dama, ta tsallaka. Hanifa ta yi jawabinta ba gargada, aka tafa mata sosai.

A bakin ƙofa Hajiya Bilki ta ce, "Maman Hanifa, in za mu sake saye zan neme ki." Na duba fuskarta da kyau, ni mai ido, ban gano komai ba.

Da Abban Hanifa ya bugo yana tambayar kwamfuta, na ce masa tana da ƙarfi. Ban yi ƙarya ba. Ranar Asabar Hanifa kan yi aiki tare da Nabila, mai bakwai kuma tana gida, in na kwaɓa fanke kusa da ita nake ajiye robar, nan da nan yake tashi.

Yanzu komai zan saya, kafin in tambayi lambarsa sai na tambayi shekarunsa. Awon nauyi kuma na bar wa tukunya.