Ƙorafin Mai Cinye Ragowa

Zuwa ga Mai Girma Hawan Jini, babban baƙon jikina, tare da na hannun damansa, Malam Kitsen Jini.

Bayan gaisuwa irin ta mai masauki ga baƙon da bai faɗi ranar tafiya ba, ina fatan kuna jin daɗin zama. Ban saba ɗaga murya ba, shi ya sa na rubuto.

Ga abin da ya taso. Babbar 'yata, ma'aikaciyar jinya, ta ce ranar Litinin za ta ɗaura min na'urar awon jini. In lambarku ba ta sauka ba, za ta karɓe ludayi daga hannuna ta miƙa wa matar ɗana, ni kuma a ajiye min kujera a falo. Shekara talatin da ɗaya ina tsaye a kicin ɗin nan. Ranka ya daɗe, a falo me zan yi?

Na ɗaya. An ce in bar gishiri da mai, na bari. Na ware 'yar tukunyata, ganye da wake, lami. Ina ci ina hamdala, ko da yake Allah ya san hamdalar ba ta kai zuci ba, kuma na nemi gafara a kan haka. Me ya hana ku ko motsawa?

Na biyu. An ce tafarnuwa. Kullum da safe ina tauna ƙwaya biyu. Yanzu maigidana daga bakin ƙofa yake min sallama, jikokina sun daina rugowa su rungume ni. Kowa ya ja da baya sai ku.

Na uku. An ce tafiyar rabin awa. Ina fita. Amma zan wuce maƙwabciya ban tambaye ta ƙafar mijinta ba? Zan wuce mai ɗinki ban yi mata barka ba? 'Yata ta bi ni da agogo rannan, ta ce gaisuwa minti ashirin da biyar, tafiya biyar. Ban musa ba, ita ce mai agogo.

Na huɗu. Wannan ba ƙorafi ba ne, amana ce zan sauke, don ba na so in ɗora muku laifin da ba naku ba. Malaminmu na allo ya koya mana ko ƙwayar shinkafa ce ta faɗi, a ɗauka a ci, zubar da abinci almubazzaranci ne. To, mutum tara nake yi wa girki, da mai da gishiri yadda suke so. In sun tashi, sai in ga loma uku a farantin wannan, kitsen nama a gefen na wancan, ƙanzo a gindin tukunya. In zubar? Sai in gama nawa lamin, in bi faranti tara ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ban taɓa lissafa shi a cin abinci ba, ni dai a ganina aikin lada nake yi. Ashe wata uku ku nake yi wa hidima.

Da na gane, sai na sayi kaji huɗu, na mayar musu da ragowar. Sun yi ɓul-ɓul, ɗaya ma da ƙyar take shiga akurki, har na fara tunanin ko haƙƙinsu na ɗauka da na tura ku wurinsu. Kwana goma sha biyu ke nan bakina bai taɓa ragowa ba, kaina ya rage nauyi, na fara sa rai.

Jiya maigida ya dubi kajin ya ce sun isa yanka, ranar Lahadi za a soya biyu. Duk gidan nan babu mai cin fatar kaza. A gefen faranti suke barinta. Kajin da suka rage kuwa, ba zan iya ba su fatar 'yan'uwansu ba.

Saboda haka ina roƙon alfarma ɗaya. Ban ce ku tafi ba, ban isa ba. Ku dai kawar da kai daga azahar ɗin Lahadi zuwa a cire min na'ura ranar Litinin.

Taku mai biyayya, wadda ba ta taɓa barin baƙo da yunwa ba,

Inna Mai Ludayi (zuwa Litinin dai)