Kwaɗo Mai Lema da Taubashina Sanusi

Ko zan manta da komai, ba zan manta da ranar sunan ɗiyar taubashina Sanusi a Shinkafi ba. Gara in faɗi gaskiya tun yanzu, ina ƙyashin Sanusi. Shekara uku kawai ya ba ni, amma ya riga ni yin keke, ya riga ni aure, ga mota, ga shanu yana kaiwa kasuwa. Ni kuwa malamin firamare ne a Ƙauran Namoda, da babur ɗina da ba ya tashi sai an tura. Abu ɗaya tak na fi shi a duniya, wato Kwaɗo Mai Lema.

Gem ne na kaset, irin wanda ake jonawa da talabijin. Sunan ma mu muka raɗa masa, don takardar jikin kaset ɗin ta ɓare tun kafin ya zo hannunmu. Wani kwaɗo ne riƙe da lema yana tsallake ramuka yana tsintar makullai, har ya isa wurin wata ƙatuwar kunama. Yara ba su damu da shi ba, na ƙwallo da na dambe suke so. Ni kuwa tun ina ɗan shekara shida, duk hutun da aka kai ni gidan Gwaggo, mahaifiyar Sanusi, sai na kashe kunamar nan. Sanusi yakan zauna gefe da ɗaya hannun (haka muke kiran abin latsawar), wai yana tsare mini baya.

Wannan labari babu wanda ban ba shi ba. Matata Rabi tun wurin zance ta fara jin sa.

To, ran sunan bayan la'asar baƙi sun watse, saura 'yan gida a falo, sai ga Sanusi da wani kwali da Gwaggo ta tono a ɗaki. Ya fiddo tsohon gem ɗinmu ya jona, ya hura kaset ɗin, sai ga kwaɗona. Ya fara bugawa, ya wuce mataki na ɗaya, na biyu, na uku, ko tuntuɓe babu. Rabi har da tafi, tana cewa, "Ashe kai ma ka iya!" Wannan tafi ya ƙona mini rai. Mota ba ta ishe shi ba, sai ya haɗa da kwaɗon?

Na fizge hannun na ce, "Kawo nan, ka ga yadda masu abu ka yi."

Na gyara zama, na naɗe hannun riga. Kwaɗo ya taho ramin farko, na latsa, ya afka. Na ce maɓallin ya tsufa. Na sake, ya sake afkawa. Na ce talabijin ɗin zamani ba ta dace da shi ba (ban san inda na samo wannan ilimi ba). A karo na uku ma ramin nan dai, wanda ko taku biyu bai kai ba.

Sai Gwaggo ta ajiye kofin kununta tana dariya har da share hawaye. "Sanusi, wai har yau ba ka hwaɗa mai ba?"

"Haba Inna, da kin ƙyale shi," in ji Sanusi, kansa a ƙasa.

Ta juyo gare ni. "Kuka kaka yi in an hana ka, kuma in an ba ka ba ka iyawa. Ni nac ce a ba ka wancan hannu, in tura bakin wayar ƙarƙashin tabarma. Ko sau guda ba a taɓa jona ta ba. Sanusi ne ka kashe maka kunama."

Falon ya kaure da dariya. Rabi ta rufe baki da mayafi, amma kafaɗunta na rawa. Abin da ya fi yi mini ciwo ba dariyar ba ce. Kusan shekara talatin Sanusi yana jin ina cika baki a gabansa, taubashi guda da yake da ikon yi mini tsiya, bai taɓa tona ni ba. Wato har a kirki ma ya fi ni, kuma wannan ma ina ƙyashinsa.

Tun daga ranar, kafin in yi alfahari da wani abu sai na bi wayar na ga inda ta tsaya. In kuwa na manta, Rabi takan tambaye ni a hankali, "Malam, wanga an jona shi kuwa?"