Sunayen da Hammajoda Ya Goge

"Sannu da hutawa, baiwar gidanmu," in ji Hammajoda tun daga bakin ƙofa, yana rungume da kwamfuta.

"Sannu da gumi, maigidan da babu gida. Me ka ɓata yau?"

Zinariya taubashiyarsa ce, 'yar gwaggonsa, kuma aikinta ke nan a Yelwa, kula da rumbun bayanai na kwamfuta. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa lafiya ba. Amma yau sai Hammajoda ya zauna bai rama ba, nan ta gane da magana.

Shi ne sakataren wata ƙungiyar masu ba da jini kyauta a cikin gari. Shekara bakwai yana tara sunaye, kowa da irin jininsa da lambar wayarsa. Jiya kwamfutar ta ce ta cika, ya tashi share tsofaffin sunaye, hannu ya zarce ya share duka. Ga shi gobe da safe za a yi wa Roda, matar maƙwabcinsa, aikin tiyata, jininta kuma irin wanda ba a cika samu ba ne. Mutum uku ya sani masu irinsa, ba ya riƙe da lambar ko ɗaya.

"Abin haushin ma," ya ce, "na share, amma har yanzu tana cewa a cike take. Mayya ce irinki."

"Kai dai kanka ne fanko, shi ya sa kake son komai ya zama fanko. Ka taɓa ganin gidan haya ya tsuke don ɗalibai sun tafi hutu?"

Ta karɓi kwamfutar, tana aiki tana yi masa bayani. Ta ce idan an share suna, rumbun ba ya ɗebe shi nan take. Alama kawai yake sawa cewa wannan ɗaki babu mai shi. Kayan tsohon ɗan haya suna nan a ciki har ranar da sabo zai zo a zuba nasa a kai. Don haka girman bai ragu ba, yana ajiye wurin ne don masu zuwa.

"To ka sa sababbin 'yan haya tun jiya?"

Hammajoda ya sosa ƙeya. Ya ce ya shigar da mutum goma sha biyu da ya iya tunawa.

"Ka zuba su a kan kayan wasu ke nan. Kawu ya yi asarar ragon sunanka."

"Ragon naki sunan ai aron sa aka yi, da aka gama aka mayar."

"Duk da haka ga ka a ƙofata."

Ta fara kwafe komai zuwa wani wuri kafin ta taɓa, ta hana shi ko matsowa kusa. Ya zauna yana kallon yatsunta, zuciyarsa tana wurin mijin Roda, wanda ya yi wa alkawarin samo jini da bakinsa. Har aka kira la'asar ba ta ɗago ba. Da ya dawo daga masallaci sai ta juyo masa da kwamfutar. Sunaye ɗari huɗu da 'yan kai sun dawo. Goma sha biyu sun tafi, an rubuta wasu a kansu.

Cikin mutum ukun nan biyu suna nan. Ya buga wa ɗayansu, Ja'afaru mai keke na Shadawanka, shi kuwa ya ce da asuba yana asibiti in Allah ya so. Hammajoda ya ajiye wayar.

"Cikin waɗanda suka ɓata har da sunanka," in ji Zinariya. "Ko na'ura ta san wanda za a yi babu shi."

Ya yi dariya har ya share ido. Ya fita, ya dawo da masa mai zafi cike da kwano, ya durƙusa ya ajiye a gabanta.

"Allah ya saka miki da alheri. Na yarda, ni ne bawan, ke ce uwargijiya."

Ta ɗauko wayarta, ta kunna ɗaukar murya, ta kara masa a baki.

"Maimaita a hankali. Wannan a wuri uku zan ajiye shi, inda hannunka ba zai kai ba."