Tasalla, Kujerar Majalisar Birai

A wani daji da kogi ya raba biyu, mu birai ne ke mulki. Na ce mu, domin ni ma biri ne jikan biri, kuma ba zan tsaya ina yi wa danginmu kwalliya ba. Rabinmu na zaune a Tudu, inda kanya da ɗinya suka yi yawa. Sauran suna Fadama, can ƙetaren kogi, inda aya ke yi ba kama hannun yaro. Jini ɗaya ne, ana auratayya, ana zuwa biki da suna. Kunkuru ne ya raba mu.

Biri ba ya son tono. Ya ɓata farcensa? Allah ya kiyaye! Saboda haka 'yan Fadama suka mallaki kunkuraye, su tono aya, su ɗauko a baya, su kai rumbu, in sun haihu a mallake 'ya'yan. Mu 'yan Tudu mun 'yanta namu tun zamanin kakanni, kuma ba ma gajiya da faɗin haka. Abin da ba mu cika faɗi ba shi ne kunkuru ba ya hawa bishiya, ajiye shi a Tudu ciyarwa ce kawai. Ayar kuwa muna ci. Wallahi sai ka ga dattijo yana tsine wa masu bautar da kunkuru, kumatunsa cike da aya, yana magana tana fesowa.

Majalisar dajin tana zama a gindin wata tsamiya a bakin kogi, kuma tana da wata al'ada da ba a taɓa ta. Da yake birai ba su iya yin shiru ba, kakanni suka yanke cewa ba maganar da za ta shiga kunnen majalisa sai wadda aka faɗa a bayan kunkuru. Biri ɗaya kaɗai bayan ke ɗauka, ga santsi, don haka dole a yi magana ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da ka faɗa daga ƙasa, ko ihun gobara ne, hayaniya ce. Majalisa ta mallaki kunkuraye biyu don wannan aiki, Barmo da matarsa Tasalla. Shi ya ɗauki zaman safe, ita ta ɗauki na yamma, in an tashi su lallaɓa gindin tsamiya su kwanta gefe da gefe, kowa na tambayar ɗan'uwansa wa ya fi nauyi yau.

Wata damina kogi ya sake hanya, ya bar tsibiri a tsakiya mai ƙasa baƙa wuluk. Nan fa ido ya raina fata, don 'yan Tudu sun ce ba za a shiga tsibirin da bawa ba. Bagudu, wakilin Fadama, wani ƙaton biri mai tumbi, ya hau bayan Barmo ya gyara murya.

"Jama'a, ni ban zo faɗa ba. Kunkurun da ke hannunmu ɗan gida ne. Mu ke ci da shi, mu ke kare shi daga mikiya. Ku dubi bayansa mana, wanda ya halicce shi da faifai a baya ai don ɗaukar kaya ya yi shi. Tsibirin nan namu ne mu duka, to ta yaya za a ce in shiga da wutsiyata amma in bar dukiyata a baya? Wanda bai taɓa cin aya ba a cikinku ya ɗaga hannu."

Ba wanda ya ɗaga. Wasu ma suka yi maza suka haɗiye ta bakinsu.

Da yamma Jatau, wakilin Tudu, ya hau bayan Tasalla. Taubashin Bagudu ne, tare suka yi wasan ƙasa, kuma duk dajin ba wanda ya kai shi iya baki.

"Ya ku 'yan'uwana," in ji shi, yana buga ƙafa don maganar ta shiga, "har yaushe wata halitta za ta zama abin takawar wata? Kunkuru yana da rai, yana da mata, yana da hawaye! Ranar da za a tambaye mu, me za mu ce? Ni dai na rantse, ba zan runtsa ba sai bayan kowane kunkuru ya zama nasa shi kaɗai!"

Aka yi tafi har tsamiya ta zubo. Tasalla ma ta ji daɗin jawabin, ko da yake kanta ya ɗan yi ciwo saboda buga ƙafar.

Da aka gaji da jawabai sai aka yi abin da muka fi ƙwarewa a kai, wato sulhu. A raba tsibiri biyu. Duk kunkurun da ya gudo Tudu a mayar wa mai shi. Sai dai Bagudu ya ce yana son alamar da zai nuna wa mutanensa cewa bai dawo hannu rabbana ba. Jatau ya sosa ƙeya, ya duba ƙasa, ya ce ai majalisa ba ta buƙatar kujera biyu. Haka aka ɗora Barmo a kan gungume aka haye da shi Fadama, ana guɗa, don zaman lafiya ya tabbata.

Da taro ya watse Tasalla ta tare Jatau. "Ranka ya daɗe, mijina fa?"

"Iya Tasalla, ki yi haƙuri. Siyasa ce, ba za ki gane ba. Aro ne muka bayar. Da kaina zan dawo miki da shi."

"To, ranka ya daɗe. Ya tsufa fa, kuma ƙafarsa ta baya ba ta son tono."

"Na ji, na ji," in ji Jatau, idonsa na kan masu jiran gaisawa da shi.

Sulhun bai je ko'ina ba. Kunkuraye suka ci gaba da gudu, in dai abin da kunkuru ke yi gudu ne. Sai ya yi wata guda yana tserewa, mai shi ya gama baccinsa, ya taso da hantsi ya same shi a gindin kanyarmu, ya kifar da shi, ya ja shi ta wutsiya a gaban 'ya'yanmu. Wannan ne ya ɓata mana rai. Da can abin yana faruwa a ƙetaren kogi, ba ya hana mu cin abinci. Yanzu ga shi a ƙofar gida, yara suna tambaya. Muka fusata, muka zaɓi Jatau shugaban majalisa baki ɗaya.

Tun Jatau bai ce uffan ba Bagudu ya hau bayan Tasalla ya yi sallama. "Daga yau Fadama ta zama dajin kanta. Kada wani ya ce don kunkuru muka fita, ƙarya ne. Mun fita ne don 'yancin kowane biri ya tafiyar da gidansa yadda ya ga dama." Wani ya yi ihu daga reshe, "Ya tafiyar da wa a gidan?" Amma ba a bayan kunkuru ya faɗa ba, ba a ji shi ba.

Jatau ya hau ya mayar da martani. "Mu ma kada wani ya ce don kunkuru za mu yi yaƙi. Daji ɗaya ne, ba ya rabuwa. In barin kunkuraye a inda suke zai dawo da taubashina gindin tsamiyar nan, zan bar su."

Ka ji fa. Aka shiga yaƙi a kan kunkuru, kowane ɓangare yana rantsuwa ba ruwansa da kunkuru.

Mun ɗauka kafin rana ta take an gama. Ranar karon farko matanmu har guzurin ɗinya suka ɗauka, suka hau rassan bakin kogi kallo. Tabɗi! Da 'yan Fadama suka sako ruwan duwatsu, sojojinmu suka ranta a na kare, suka bi ta kan 'yan kallo, janar ɗinmu ne ma ya riga kowa isa gida. Daga nan wasa ya ƙare. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Kawu ya fasa kan ɗan ƙanwarsa, suruki ya karya suruki. Babu gidan da ba a zauna makoki ba, Tudu da Fadama. Wannan kam ba abin dariya ba ne.

'Yan Fadama suka ɓullo da dabara. Suka jera kunkurayensu a bakin gaɓa, wani kan wani, suka yi ganuwa, su kuma suka laɓe a baya. Duk dutsen da muka jefa a kan kunkuru yake sauka. Mu kuwa muka dage da jifa, muna waƙar 'yanci.

Tasalla ta sake tare Jatau. "Ranka ya daɗe, an ce Barmo yana cikin ganuwar nan."

"Allah ya kare shi, Iya."

"Amin. Amma duwatsun naku ne."

Ko maganarta ce ta shige shi, ko ganin yaƙi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ne, oho. Washegari ya tara majalisa, ya hau bayanta, ya yi shelar da har yau 'ya'yanmu ke haddacewa.

"Daga wannan rana, duk kunkurun da ke hannun 'yan tawayen Fadama ɗa ne, ba bawa ba, shi da zuriyarsa har abada!"

Tasalla ta miƙo wuya daga ƙarƙashinsa. "Ni fa, ranka ya daɗe?"

Ya sunkuyo ya yi mata raɗa. "Ke ai ba a hannun 'yan tawaye kike ba. Kuma in na sake ki yanzu, a kan me shelar za ta tsaya? Ki ɗan ƙara haƙuri."

Muka yi ta yi wa shelar ba'a a ɓoye, muna cewa ya 'yanta waɗanda hannunsa bai kai gare su ba. Ashe kunkuraye sun ji. Ba su yi ihu ba, ba su yi jawabi ba. Na ƙasa ya zare ƙafa, na sama ya gangaro, ɗaya bayan ɗaya suka faɗa kogi. 'Yan Fadama suna ji suna gani ganuwarsu ta tashi ta yi tafiyarta. Waɗanda suka haye wajenmu su suka tona mana ramukan da muka bi muka ɓulla bayan abokan gaba. Aya ta ƙare a Fadama don babu mai tonowa, yunwa ta gama abin da dutse ya fara. A waƙoƙinmu dai jarumtar birai ce ta ci yaƙin.

Bagudu ya zo gindin tsamiya ya rame, tumbin ya zube. Jatau ya rungume shi, suka fashe da kuka.

"Taubashi, ka ga yadda ka koma?"

"Kai ma ai ba kyau ka ƙara ba, bawana."

Aka yi dariya cikin hawaye, aka yafe wa juna komai da komai, har da abin da ba mu aka yi wa ba. Aka zartar da doka a bayan Tasalla cewa babu sauran bawa a dajin, har da ita. Jatau ya sauko, ta ja jiki gefe, nan take muka gane mun yi wa kanmu. Ba kunkurun da zai yarda a hau shi, ke nan ba maganar da za ta ƙara shiga kunnen majalisa. Birai suka yi cirko-cirko, baki cike da jawabi, babu wurin sauke shi.

Bagudu ne ya cece mu. Ya ce akwai wani abu a bakin gaɓa da zai yi amfani. Aka je aka mirgino shi. Ƙoƙon bayan kunkuru ne, fanko, rana ta busar da shi, da tsagar dutse a gefe guda. Tsakiyarsa ta yi sumul saboda tsufan takawa. Tasalla ta dube shi, ba ta tambayi kowa ba. Ta matsa ta jingina kanta a jikinsa.

Jatau ya ɗale kan ƙoƙon, idonsa jawur. "Alkawari na ɗauka zan dawo da Barmo, ga shi na cika. Don girmama shi, daga yau shi ne kujerar wannan majalisa har abada. Kuma 'yar'uwarmu Tasalla, 'yantacciya, ita za ta fara magana." Ya sauko ya nuna mata ƙoƙon.

Tasalla ta tsaya inda take, a ƙasa. "Ranku ya daɗe, ba ni da dogon zance. Na ɗauki maganarku tun ina budurwa, mai daɗi da marar daɗi, ban taɓa kayar da kowa ba. Kun ba da mijina don ku shirya, kun jefe shi don ku 'yanta shi. Ban zo neman bayani ba. Ku ba ni abin da ya rage in kai shi bakin kogi in rufe. Yana raye an taka shi, ya isa haka."

Wallahi muka yi kuka. Har Bagudu sai da ya face hanci. Sai wani dattijo ya yi gyaran murya ya tuna mana, cikin ladabi, cewa daga ƙasa ta yi magana.

Jatau ya durƙusa kusa da ita. "Iya, hau kawai ki maimaita. Ɗan lokaci ne. Na rantse kowa zai goyi bayanki."

Ta dubi ƙoƙon, ta dube shi. "In hau Barmo?"

"Al'ada ce, Iya. Ba ni na kafa ta ba."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ni ce a ƙarƙashinta."

Ta juya ta kama hanyar kogi. Tafiyar kunkuru ce, ta daɗe ba ta ɓace mana ba, kuma duk tsawon lokacin ba wanda ya iya ɗaga ido. Da ta sha kwana muka yi ajiyar zuciya, wani ya hau ya gabatar da batu na gaba, wato wanda zai riƙa tono aya.

Baƙi in sun zo dajinmu mukan kai su gindin tsamiya, mu gaya musu da alfahari cewa tun da aka yi 'yanci, majalisa ba ta taɓa jin ƙorafin kunkuru ko ɗaya ba.