Kada a Rushe Birnin Bayan Zaurenmu

Zuwa ga Mai Girma Sarkin Magina, uban tubali, wanda katanga ba ta miƙewa a Dakoro sai da izininsa.

Bayan gaisuwa daidai girman rawaninka, ni ce Dela, matar Malam Zakariya'u mai makarantar allo ta gabas da rijiya. Manzonka ya ce ranar Juma'a za ka aiko a rushe birnin da yaranmu suka gina, don an gina shi ba da saninka ba.

Ga yadda aka yi. Malam ya tafi Agadas neman littattafai, ya bar mini yara. Na ce in sun gama karatu kowa ya yi abin da ransa ke so, don ina tsakiyar karanta wata hikaya, ɗan sarki na tsaye ƙarƙashin bene, bai kamata in bar shi tsaye ba. Ina ɗago kai sai na tarar sun kwaɓa laka sun yi tubali, kowane bai fi ƙwan zabuwa ba. Yanzu birni ne guda: fada, rumbuna, kasuwa, har da bene, sun zane bango da jar ƙasa. Ni ban sa musu baki ba.

Ga kukana:

Na ɗaya. Manzonka ya ce ginin na iya faɗowa kan mutane. Ranka ya daɗe, fadar iyakarta gwiwata. Wane mutum ne?

Na biyu. An ce gini gādo ne, sai ɗan magini. Ni ma na gaya wa yaran. Sun nemi in tambaye ka ko uban gara magini ne, kuma wa ya ba ta izini.

Na uku. Da za ka ga Isufu, wanda bulalar Malam ta kasa zaunarwa. Sau tara benensa na zubewa, bai yi kuka ba, bai mari kowa ba. A na goma ya gane da kansa cewa gindi ya kamata ya fi kai faɗi. Da Malam ne ya faɗa masa, da ya manta kafin la'asar. Uwale da Kimba, da ba sa ga maciji, tubalinsu ya ƙare, dole suka haɗa katanga ɗaya. Ni kuwa tun ina ƙarama nake karanta labarin bene, sai bana na ga guda da idona. Kullum da yamma nakan leƙa tagarsa, ko Allah zai sa in hango ɗan sarkin nan tsaye a ƙasa.

Na huɗu, kuma da kunya nake rubuta shi. Ruwan shekaranjiya bai ɗauki tubali ko ɗaya a birninmu ba. Na ji an ce katangar gidanka ta kwanta hutawa. Allah ya tashe ta.

Sai dai akwai matsala. Da yaran suka ji hukuncinka, sun taru sun naɗa nasu Sarkin Magina, Safi, ƴar shekara bakwai. Ta je ta duba zaurenka, ta ce a karkace yake, kuma ba da saninta aka gina shi ba. Ta sa a rushe shi ranar Juma'a.

Na roƙe ta har ta yarda: in ka yafe nata, za ta yafe naka. Ka aiko da amsa kafin Alhamis, don yara talatin ne, kuma sun ari galma.

Taka mai biyayya har ƙasa,
Dela, matar Malam