Yadda Za Ka Auna Filin Lantarki Jikarka Ba Ta Raina Ka Ba

In jikarka ta ajiye maka littafin kimiyya ta ce, "Tsoho, kai da ka ce ka yi boko, duba mini aikin gida," bi matakan nan. Na ba ka tabbaci girmanka ba zai zube ba. Na gwada su a kan jikata Safiyya, 'yar aji biyar a sakandare.

1. Goge tabarau

Ka daɗe kana gogewa. Ilimi ba ya son gaggawa, musamman wanda ba ka da shi.

2. Sa ta fassara

Ka ce kana so ka ji ko ta gane. Za ta ce, "Filin lantarki na daifol za a lissafa." Da ka ji "fili", ka saki jiki. Mutum nawa ka raka duba fili a Rigasa? Ashe abin da Turawa ke ɓoyewa a littafi ke nan.

3. Tambayi masu filin

Safiyya ta ce, "Daifol caji biyu ne dab da juna, ɗaya mai alamar tarawa, ɗaya mai alamar ɗebewa. Jan juna suke yi."

Na ce, "Duk rigimar iyaka haka take farawa. Mai unguwa ya sani?"

Ta ce, "Tsoho, ba a ganin filin fa."

Kada wannan ya dame ka. Rabin filayen da ake sayarwa a garin nan ba a ganin su.

4. Je ka gani da ƙafarka

Ta ce in ka yi nesa da su, ka kuma ninka nisan, ƙarfin yana raguwa sau takwas. Sau takwas, ba biyu ba. Wannan ya tsaya mini a rai. Na wuni ina ja da baya daga turken wutar layinmu a Abakpa, ina sauraron jikina, har wani mai keke ya tambaya ko 'yan gidanmu sun san na fito.

5. Ba da amsa

Ƙafa hamsin a faɗi, ɗari a tsawo. Fili dai fili ne. In ta ce, "Ka tabbata?" ka shafa gemu. Za ta rubuta.

Jan kunne

Duk abin da ya biyo baya, babu hannuna. Malamin Safiyya ya ba ta sifiri, ya rubuta da jan biro cewa wanda ya taya ta aikin ya zo makaranta ran Litinin. Ita kuma ta riga ta ba shi sunana. Duk wanda ya neme ni ranar, na tafi Katsina gaisuwa.