Nomau da Uwar Manhaja

A garin Kwanar Ɗinya, can gefen fadama, an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ba yaro ba ne, ya ba talatin baya. Gidansu mutum uku ne: shi, da matarsa Ladingo mai suyar awara a ƙofar gida, da mahaifiyarsa Iya Daso wadda kunnenta ya yi nauyi. Sai tunkiya guda da ba ta taɓa haihuwa ba. Nomau ba ya faɗa, ba ya ƙarya. Abu ɗaya ne da shi: duk maganar da aka faɗa masa, a yadda ta shiga kunnensa haka yake ɗaukarta. Tun ranar da Ladingo ta ce ya sa mata ido a kan tukunya, ta dawo ta tarar ya kifa fuska a kan murfi, idonsa na zubar da hawaye, ta koyi auna magana kafin ta fito. In ba shi da aiki, sai ya kwanta rigingine a gindin ɗinya yana kallon sama, yana murmushi shi kaɗai.

Yayan Ladingo, Haladu, shi ne ya dawo daga karatu a birni ya buɗe shagon kwamfuta a bakin kasuwa, da faranti biyu na sola a kan rufi. Don ƙanwarsa ta samu sararin numfashi, ya ɗauki Nomau shara da aike. Kullum bayan La'asar abokinsa Sagir, malamin firamare, yakan zo ya yi wasan kwamfuta, su kuma yi musun da ba ya ƙarewa. Haladu mutumin Linux ne. Yakan ce, "Manhaja ce da ba ta da ubangida. Kowa na iya buɗe cikinta ya gani, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa." Sagir kuma sai ya ce, "Ni dai in danna abu ya tashi. Taka sai an kwana uku ana lallashi." Nomau yana gefe da tsintsiya, yana kwashe kowace kalma.

Wata rana Malama Hansai, tsohuwar ungozomar garin, ta kawo hotunan marigayi mijinta guda shida, gara ta fara cin gefensu. Haladu ya ɗauke su a na'ura, ya ce mata, "Malama, na ɗora su a gajimare. Ko shagon nan ya ƙone, suna nan." Ma'ajiyar intanet yake nufi. Ya waiwayo ya ce, "Nomau, kar ka bari in manta, sai mun sauko mata da su kafin Juma'a." Tun daga lokacin Nomau ya daina kallon sama don nishaɗi, ya koma gadi. Duk gajimaren da ya gitta sai ya tsaya ya dube shi da kyau, ko shi ne ke ɗauke da hotunan mijin Malama. Ya ga wani fari mai kama da rawani, ya bi shi da ƙafa har bayan gari, ya dawo da ƙaya a tafin ƙafa. Ranar Alhamis hadari ya haɗo. Nomau ya ruga gida ya kwaso duk kwanonin Ladingo, har da kaskon awara, ya jera a tsakar gida. Da aka ɗauke ruwan ya duba ɗaya bayan ɗaya, bai ga hoto ba. Ya juye ruwan a tulu, ya ɗauka har gidan Malama Hansai, ya durƙusa ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, sun narke a hanya. Amma na tare miki abin da ya sauko." Tsohuwar ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta leƙa cikin tulun. Ba ta zubar ba. Ta zuba wa lallen da mijinta ya shuka a bayan ɗaki. Ladingo dai ranar ba ta yi suya ba, don sai da ta yini tana goge kasko.

Wata rana kuma aka kawo wa Haladu wata tsohuwar kwamfuta mai nauyin tashi. Ya shafa kanta ya ce, "Baiwar Allah, kin sha bauta. Gobe za mu 'yanta ki." Abin da yake nufi shi ne zai sa mata Linux. Nomau ya ji tausayi ya kama shi, ya ce a ransa don me mai bauta zai ƙara kwana. Da Haladu ya tafi sallar Azahar, sai ya ciccire mata duk igiyoyin da aka ɗaure ta da su, ya ɗauke ta a ka har bakin rafi, ya ajiye a kan ciyawa yana fuskantar da ita gabas. Ya ce, "To, jeki. Ba mai riƙe ki." Ya koma bayan wata giginya ya ɓuya, don kar ta ji kunyar tafiya. Iska na kaɗawa, fara ta zo ta zauna a kanta ta tashi, balbela ta zagaya ta sau biyu. Har rana ta karkata kwamfuta ba ta motsa ba. A nan Haladu ya same shi, bayan ya gama zagaye kasuwa yana cigiyar ɓarawo. Nomau ya taso da fara'a ya ce, "Yaya, na sake ta, ta ƙi tafiya. Ashe tana son mu." Sagir ya yi mako guda yana tsokanar Haladu da cewa ga 'yancin nasa nan, an ba baiwa ta ce ta gode.

Wata rana musun ya yi zafi a kan wasa. Sagir ya samo wani wasan tuƙin babbar mota, ya ce ba zai taɓa tashi a kan Linux ba. Haladu ya rantse zai tashi. Ya yi ta danne-danne, gumi na ɗiga, hoton na fitowa yana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Can ya buga cinya ya ce, "Ba laifin Linux ba ne, direba ne babu! A samo min direban da ya dace, yanzu ka ga aiki." Shi ƙaramar manhajar da ke haɗa kwamfuta da allonta yake nufi. Kafin ya ɗago kai, Nomau ya fice.

Ya je tasha. Ya wuce direbobin tasi, don motar da ya gani a allo babba ce. A ƙarƙashin wata tirela mai lodin albasa ya tarar da wani dattijo yana shan shayi, Malam Barau, wanda ya shekara talatin a hanyar kudu. Nomau ya ce, "Baba, ana neman ka da gaggawa, mota ta ƙi tashi." Dattijon ya ɗauki sifana ya biyo shi. Suna isa, Haladu ya riga ya sauke abin da yake nema, wasan ya tashi tas. Haladu ya buɗe baki zai yi faɗa, Malam Barau ya ce, "Tsaya, ɗana. Wannan wace hanya ce?" Aka ba shi kujera. Ya kama tuƙi a hankali, ya bi wata doguwar hanya mai santsi, ba rami ko ɗaya, ba shinge, itatuwa na wucewa, rana na faɗuwa a kan wani tafki. Bai yi gudu ba, bai wuce kowa ba. Sagir ya ce, "Baba, taka mana, ana tsere ne." Ya ce, "Ni na gama tsere." Ya yi awa biyu a zaune, mutane suka cika taga suna kallo. Da ya miƙe ya share ido da hannun riga, ya ce da akwai irin hanyar nan da bayansa bai lalace ba. Haladu ya ce wannan shaida ce Linux ta iya wasa. Sagir ya ce ai sai da aka kawo direba daga tasha. Nomau kuwa aka ba shi albasa uku ya kai gida.

To, akwai wata ƙaramar manhaja da Haladu ya rubuta wa masu lambu. Da rani ruwan rafi yakan yi ƙasa, a yi ta rigima a kan wa zai buɗe wa fangalinsa ruwa. Manhajar takan nuna wa kowa a wayarsa ranarsa da lokacinsa, gwargwadon girman lambunsa da nisansa da rafi. Rani guda aka yi ba wanda ya ɗaga wa wani fartanya.

Wata rana, albasa ta fara kai, tumatir na fure, sai ga wani mutum daga birni a farar mota, Injiniya Mamuda. Ya zo da takarda mai hatimi, ya ce wannan dabara ta rabon ruwa tasa ce, ya yi mata rajista, ba mai amfani da ita sai da izininsa. Ko dai a goge ta Haladu, ko a haɗu a kotu. Mai gari ya sa a zauna a zaurensa ranar Litinin, ƙungiyar manoma ta kira lauyarta, Barista Rakiya. Kwana uku Haladu bai ci abincin kirki ba. Sagir ya ce masa, "Ni fa ina ganin wanda ya sha wahala ya ƙirƙiro abu, ya kamata ya ci moriyarsa." Haladu ya ce, "In inji ya ƙera, na yarda. Amma wannan lissafi ne. Yaya mutum zai kewaye lissafi da danga?" Sagir ya ce zai raka shi zauren mai gari.

Ranar Litinin zaure ya cika da masu lambu. Barista Rakiya ta ce wa Haladu ya nuna shaidar lokacin da ya fara rubuta tasa. Ya laluba aljihu, ya ga ya baro ɗan filashin, 'yar ma'ajiyar kwamfuta, da ya ajiye rubutun farko na manhajar a ciki. Ya ce, "Nomau, ruga ka kawo min uwar manhajar, tana cikin..." Bai ƙarasa ba, Nomau ya yi waje.

Ya leƙa shago, bai ga mace ba. Ya tsaya ya yi tunani, ya ce manhajar dai a lambu take aiki, a can za a san danginta. Ya gangara fadama, ya tarar da wani tsoho yana gyara kwarin ban ruwa. Ya ce, "Baba, wace ce ta haifi manhajar rabon ruwa?" Tsohon ya ce, "Rabon ruwa? Ai wannan na Gwaggo Tasalla ne, tun ba a haife ku ba. Da ƙafarta ta mutu ne aka watsar, aka koma faɗa." Nomau ya ari baro, ya shimfiɗa buhu a ciki, ya nufi gidanta. Ya ce, "Gwaggo, 'yarki na cikin rigima, za a ƙwace ta." Gwaggo Tasalla ba ta da 'ya mace, amma ta daɗe ba ta fita ba, kuma da ta ji maganar ruwa ce, ta ce ya miƙo mata ƙwaryar da ke rataye a bango.

Can a zaure an gaji da jira, Injiniya na duba agogo, Haladu ya rufe fuska da hannu. Sai ga ƙarar baro. Nomau ya tura har tsakiya, ya ce, "Yaya, ga uwar." Aka kwashe da dariya. Haladu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Barista Rakiya ce kaɗai ba ta yi dariya ba, idonta na kan ƙwaryar. Ta ce, "Gwaggo, mene ne wannan?"

Tsohuwar ta zaro wata baƙar igiya mai ƙulle-ƙulle, ta zube ƙwallayen tsamiya a kan tabarma. Ta ce kowane ƙulli lambu ne. Babban lambu ƙwallo uku, ƙarami ɗaya. Wanda ke nesa da rafi a ƙara masa ɗaya, don ƙasa na shanye rabonsa a hanya. Ta yi ta jerawa, tana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa, 'ya'yansu da jikokinsu na amsawa daga cikin taro. Haladu ya ɗago kai a hankali. Ya tuna yana ƙarami yana zama kusa da ita yana kallon tana wannan jeri, kuma bai taɓa kawowa a ransa cewa daga nan ya ɗauko ba. Barista ta tambayi tun yaushe. Mai gari ya ce shi da kansa, ya ba saba'in baya, da wannan igiya aka ba mahaifinsa ruwa.

Barista Rakiya ta juya wajen baƙon, ta ce, "Injiniya, irin takardar nan sabon abu take karewa. Abin da gari guda ya shekara sittin yana yi a bainar jama'a, ban san yadda za ka nuna wa alƙali sabo ne ba. Amma in kana so mu je, da baron nan za mu zo." Injiniya Mamuda ya dubi igiya, ya dubi takardarsa, ya ce zai yi shawara da mutanensa. Farar motar ba ta sake shigowa Kwanar Ɗinya ba.

Da aka watse, Barista ta ce wa Haladu ya faɗa mata gaskiya, yaushe ya fara rubutun da ke cikin filashin. Ya faɗa. Ta lissafa da yatsa, ta ce, "Wata biyar bayan rajistarsa. Da shi aka kawo, da ka ba shi shaida a kanka da hannunka." Haladu ya zauna a ƙasa.

Gwaggo Tasalla ta ce, tunda an fito da ita saboda 'ya, a nuna mata ita. Nomau ya karɓi wayar Sagir ya riƙe mata a gaban fuska. Ta daɗe tana kallon ƙananan layuka masu haske, sannan ta taɓe baki ta ce, "Ba ta yi kama da ni ba."

Nomau ya dubi wayar, ya dubi Haladu, ya ce, "Ubanta ta biyo, Gwaggo."

Ya gyara mata buhu, ya ɗaga baro. Ta ce kar ya kai ta gida tukuna, ya bi da ita ta bakin rafi, tana son ta ga ruwa.